Jarabawar ilimin zamantakewa ta UPSC: da masana za a fara, da tambayoyin baya, ko a bi manhaja daki-daki?

A kowace shekara sama da mutum miliyan guda ke cike fom ɗin jarabawar shiga manyan ayyukan gwamnatin Indiya, wadda hukumar UPSC ke shiryawa, alhali kujerun da ake rububi a kansu ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Matakai uku ake bi: jarabawar tankaɗe, sai babbar jarabawar rubutu mai maki 1750, sannan ganawa ido da ido mai maki 275. Tun daga 2013 kowane ɗalibi fanni guda yake zaɓa na ƙashin kansa, ya rubuta takardu biyu a kansa, kowace maki 250. Wato maki 500 daga cikin 2025, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da zai yanke masa hukunci, na rataye ne a kan wannan zaɓi. Ilimin zamantakewa na cikin fannonin da ake yawan ɗauka, kuma ya fitar da zakaru: Anu Kumari da ta zo ta biyu a 2017, Jagrati Awasthi ta biyu a 2020, da Gamini Singla ta uku a 2021, duk da shi suka shiga.

Manyan kujerun dai na 'yan ƙasar ne, amma lissafin da ke cikin shirin ya shafi duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban manhaja mai kauri yana ƙirga makonnin da suka rage masa. Ta ina zai kama? Hanyoyi huɗu ne aka fi bi, kuma ba su yi kunnen doki ba. Sai dai kafin a auna su dole a dubi fasalin takardar kanta, don ita ce alƙali.

Awa uku ake bayarwa. Tambayoyi takwas ne a sassa biyu, huɗu-huɗu. Ta 1 da ta 5 tilas ne, kuma kowacce na ɗauke da 'ya'ya biyar masu maki goma-goma, da amsar da ba za ta wuce kalma 150 ba. Daga shidan da suka rage sai mutum ya zaɓi uku, aƙalla ɗaya daga kowane sashe. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, maki 100 cikin 250 ba zaɓi a cikinsu, ko ka karanta babin ko ba ka karanta ba, sai ka rubuta. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tambayoyin zaɓin ma a ɗaure suke zuwa, galibi 'ya'ya uku masu maki 20, 20 da 10, kuma sau da yawa daga babi daban-daban aka tsinto su. Kamar kashin tumatir ne a kasuwa, ba a tsince maka masu kyau. Wanda ya tsallake babin dangantaka da aure yana iya ganin tambayar Weber da ya ƙware a kai, amma an haɗa ta da wata a kan tsarin zuri'a, sai ya rasa yadda zai yi. Saboda haka duk maganar fifita wani babi a wannan jarabawa magana ce ta wanne za a fara da shi, wanne za a nutsa a ciki, wanne kuma za a taɓa sama-sama. Babin da za a jefar gaba ɗaya babu shi.

Hanya ta farko ita ce ta mai bin ƙa'ida: a buɗe manhaja a shafin farko a bi ta har ƙarshe. Takarda ta ɗaya babi goma ce, daga asalin fannin zuwa sauyin al'umma. Ta biyu kuma kashi uku ce, duk a kan Indiya. Amfanin wannan hanya a fili yake, ba abin da zai zame wa mutum, kuma hankalinsa a kwance. Matsalarta ita ce babi ukun farko su ne mafi bushewa ga sabon shiga. Ana maganar yadda fannin ya tsiro a Turai bayan juyin juya halin Faransa na 1789 da bunƙasar masana'antu a Ingila, sai gardamar ko za a iya auna al'umma da ma'aunin kimiyya, sai dabarun bincike: ɗibar samfur, hasashen bincike, aminci da ingancin sakamako. Da yawa daga masu ɗaukar fannin injiniyoyi ne ko likitoci da ba su taɓa zama ajin zamantakewa ba. Irin wannan mutum in ya karanta gardamar kimiyya kafin ya san Durkheim da Weber, to ya ji shari'a ne bai ga masu ƙara ba, haddacewa kawai zai yi. Ga kuma wani lahani: ƙarfin mutum a farkon karatu yake, sai ya ƙare a kan gaba. Wutsiyar manhajar, wato yawan jama'a, ƙaura, talauci, cin zarafin mata, rikicin addini da na ƙabila, sai a zo mata a gajiye ana saura 'yan kwanaki. Alhali daga can ne galibi tambaya ta 5 ta takarda ta biyu ke fitowa, ita kuwa ba ta da makawa. Ban ga wanda wannan hanya ta dace da shi ba sai wanda ya riga ya yi digiri a fannin, wanda bita yake yi.

Hanya ta biyu: a tsallaka kai tsaye zuwa babi na huɗu, inda manhaja ta ambaci masana shida da sunansu, Karl Marx, Emile Durkheim, Max Weber, Talcott Parsons, Robert Merton da George Herbert Mead. A nan zan daɗe, don a ganina nan ne jarin yake.

Ɗauki Durkheim. Bincikensa na 1897 a kan kisan kai ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai ya nuna cewa 'yan Furotesta sun fi 'yan Katolika kashe kansu, marasa aure sun fi masu iyali, ya kuma danganta hakan da yadda mutum ke ɗaure da jama'arsa da yadda ƙa'idojinta ke riƙe da shi. Wanda ya fahimci wannan aiki guda ɗaya ya samu misalin da zai kafa a babi na biyu in an tambaye shi ko zamantakewa kimiyya ce. Ya samu na babi na uku in an tambaye shi amfani da haɗarin dogara da alƙaluman hukuma. In ya shiga takarda ta biyu aka kawo masa maganar manoman yankin Vidarbha na jihar Maharashtra da bashi ke kai su ga halaka kansu, yana da madubin da zai duba lamarin da shi, ya kuma faɗi inda madubin ya gaza. Karatun mako guda ya biya buƙata a wuri huɗu.

Haka Marx. Maganarsa cewa ma'aikaci na zama baƙo ga abin da hannunsa ya ƙera ita ce ƙashin bayan babin aiki da tattalin arziki, kuma da ita ake fassara halin matasan da ke kai abinci gida-gida a kan babur a Mumbai ko Bengaluru, waɗanda manhajar waya ce ubangidansu. A. R. Desai, wanda takarda ta biyu ta sa shi wakilin mahangar Marx a Indiya, ba zai yi wa wanda ya san tushen wahala ba: littafinsa na 1948 ya bi diddigin yadda mulkin mallakar Ingila ya sauya mallakar ƙasa, ya haifar da sababbin azuzuwan jama'a, su kuma suka haifar da kishin ƙasa. Weber ya raba fifiko gida uku, dukiya, daraja da iko, kuma da wannan ma'auni ne Andre Beteille ya shiga wani ƙauye na gundumar Thanjavur da ya kira Sripuram, ya nuna a 1965 cewa abubuwan ukun da a da suke tattare a hannun Brahmin, wato rukunin malaman addinin Hindu da ke saman tsarin gado, sun fara rabuwa. Shi kuwa Merton, ra'insa na rukunin da mutum ke hange yana auna kansa da shi, shi ne mabuɗin fahimtar abin da M. N. Srinivas ya gano a bincikensa na mutanen Coorg a 1952: ƙananan jinsunan gado, wato rukunonin da ake haihuwar mutum a cikinsu a tsarin Hindu, na barin nama da giya, suna ɗaukar ibadun manya, don a ɗaga matsayinsu bayan zuriya ɗaya ko biyu.

Parsons shi ne mai wuyar sha'ani, rubutunsa kamar tuƙa tuwon dawa da muciyar kara. Amma ba a guje masa. Ma'aunansa biyar na bambance tsohuwar al'umma da ta zamani suna dawowa a babin sauyi, kuma maganarsa a kan ƙaramin iyali na miji da mata da 'ya'ya ita ake karawa da babban gidan Indiya. Ɗaya daga ma'aunan, wato matsayin da aka gada da wanda aka nema da gumi, ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san bambancin sana'ar gado da shigege, M. G. Smith ma ya yi rubutu a kan haka a 1959. Kamanni ne kawai, kada a ɗauka tsarin Indiya ne, don can akwai batun tsarki da ƙazanta da haramcin auratayya da addini ya ɗaure. Mead ne mafi ƙanƙanta a manhajar, kwana biyu zuwa uku sun ishe shi.

To ina aibin wannan hanya? Daɗinta. Karatun masana na sa mutum ya ji yana ƙaruwa, sai ya zauna a nan. Ya gama shidan, ya ɗauko babban littafin ra'o'i ya shiga waɗanda manhaja ba ta kira ba, wata uku ya wuce bai rubuta amsa ko ɗaya ba. Gaskiya ne akwai sunayen da ba a ambata ba amma ana buƙatarsu, kamar Davis da Moore da suka kare rashin daidaito a 1945 da Tumin da ya yi musu raddi a 1953, ko C. Wright Mills da maganar 'yan tsirarun da ke juya Amurka. Waɗannan a babinsu za a same su, sakin layi ɗaya-ɗaya ya wadatar. Aibi na biyu: kowa ya san masana na da muhimmanci, kowa ya shirya musu. Mai duba takarda ya ga bayanin Weber a kan mulkin ofis sau ɗari kafin ya iso taka. Sanin masanan na hana ka faɗuwa, amma abin da ke ɗaga ka sama shi ne iya ɗaukar su ka kai su inda ba a zata ba.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan lissafi. A tattaro takardun shekarun baya, musamman daga 2013, a rarraba kowace tambaya ƙarƙashin babinta, a ƙirga, sannan a ba babin da ya fi fitowa lokaci mafi yawa. Makarantun lesin na unguwannin Old Rajinder Nagar da Mukherjee Nagar a Delhi sun mayar da wannan sana'a, har da jadawali da hasashen abin da zai fito bana. Akwai hikima a ciki wadda sauran hanyoyin ba su da ita. Manhaja suna kawai take faɗa, ba ta faɗin zurfi. Za ta ce “addini da kimiyya” ta yi shiru. Tambayoyin baya ne ke nuna maka ta wace kusurwa ake shigowa, da irin kalmomin umarni da ake amfani da su, ko a ce ka bayyana, ko ka kwatanta, ko ka yi suka. Suna kuma warkar da cutar da na ambata a sama, don wanda ya ga yadda ake tambaya a kan Parsons zai san inda zai tsaya.

Inda take yaudara shi ne wurin ƙirgar. Takardu goma sha 'yan kai ba su isa a gina annabci a kansu ba. Ɗalibin da ya karanta babin ɗibar samfur ya kamata ya fi kowa sanin haka. Batun da bai fito ba shekara huɗu yana iya zama wanda ke kan layi. Kuma ko da ƙirgar ta yi daidai, ba ta cire ka daga tarkon tambayoyin tilas. 'Ya'ya goma ne a kowace takarda, ana kuma baza su ne don su taɓo lungunan manhaja. A ce ka bar babi biyu don jadawali ya ce ba sa fitowa, sai uku daga cikin goman suka faɗo daga can: maki 30 sun tafi a jarabawar da maki kaɗan ke raba wanda zai zama babban jami'in gunduma da wanda zai koma gida ya sake shiri. Ga wanda ba ya cikin rukunonin da aka yi wa rangwame, sau shida kawai ake ba shi dama, kuma daga shekara 32 an rufe ƙofa. Ni dai na ɗauki tambayoyin baya a matsayin magwajin zurfi. A buɗe su kafin a fara kowane babi, a sake buɗe su bayan an gama. Amma ba su ne za su zaɓa maka abin da za ka bari ba.

Hanya ta huɗu tana jan mutane don sauƙinta: a fara da takarda ta biyu, tunda a cikin al'ummar aka tashi, kuma jarida na kawo labarinta kullum. Wa zai koya wa ɗan Bihar ko Tamil Nadu menene jinsin gado? Ga ribar gefe, don takardar farko ta ilimin bai-ɗaya, wadda kowane ɗalibi ke rubutawa, ita ma na tambaya a kan al'ummar Indiya, takardar insha'i ma haka. Sai dai abin da ke fitowa daga alƙalamin mai wannan hanya sharhin jarida ne. A tambaye shi ko jinsin gado na mutuwa, zai kawo rahoton hukumar Mandal na 1980, da yadda gwamnatin V. P. Singh ta aiwatar da shi a 1990 ta ware kashi 27 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya ga jinsunan da aka bari a baya, da hukuncin kotun ƙoli na 1992 da ya tabbatar da hakan, da ƙidayar jinsuna da jihar Bihar ta fitar a 2023. Duk gaskiya ne, kuma duk ana so. Amma mai duba takarda na neman ya ga siffofi shida da G. S. Ghurye ya lissafa a 1932, da hujjar Louis Dumont ta 1966 cewa tsarki da ƙazanta ne ginshiƙin tsarin, da waɗanda suka ce ya kalli Indiya da idon Brahmin, da “jinsi mai rinjaye” na Srinivas wanda mallakar ƙasa da yawan jama'a ke ba shi iko ko da ba shi ne na sama a ibada ba, da matsayin Ambedkar, jagoran waɗanda ke can ƙasan tsarin, na 1936 cewa rushe tsarin ne magani. Labarin jarida nama ne, amma sai da ƙashin da zai rataya a kai. Wannan hanya ta fi kowacce saurin ba mutum jin cewa ya shirya alhali bai shirya ba.

In za a bi ta tawa, ga yadda zan jera. Masana shida da farko, a ƙayyade musu lokaci, mako biyar ko shida ga mai shekara guda a gabansa, kuma ranar da wa'adin ya cika a tashi ko an ƙoshi ko ba a ƙoshi ba. Daga nan a koma babi ukun farko, waɗanda yanzu za su buɗe da kansu. Sannan a daina kallon takardun biyu a matsayin abu biyu, a riƙa aurar da babi da ɗan'uwansa. Fifiko da hawa matsayi a takarda ta ɗaya a haɗa shi da jinsin gado, azuzuwa da ƙabilun daji a ta biyu, inda gardamar Ghurye da Verrier Elwin take, ko a narkar da ƙabilun cikin sauran jama'a ko a kare musu rayuwarsu. Su ne kashi 8.6 cikin ɗari a ƙidayar 2011. Wannan tagwayen su ne na biyu a nauyi bayan masana, a nutsa a cikinsu. Dangantaka da aure a haɗa da yankuna huɗu da Irawati Karve ta raba Indiya, inda arewa ke hana auren ɗan ƙauye ɗaya, kudu kuma ke son auren 'ya'yan kawu da na gwaggo. Siyasa a haɗa da gyaran tsarin mulki na 73 na 1992 da ya ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauye, da gwagwarmayar Chipko ta kare dazuzzuka ta 1973, da zanga-zangar manoma da ta sa gwamnati janye dokokin noma uku a ƙarshen 2021. Aiki da masana'antu, addini da addini, sauyi da sauyi. Wanda ya yi haka ya rage manhajar kusan da rabi ba tare da ya yar da komai ba.

Sauran ƙananan batutuwa na wutsiya kuwa, shafi ɗaya-ɗaya: ma'ana, masani ɗaya ko biyu, adadi ɗaya tabbatacce, misali ɗaya. Yawan jama'a, alal misali, ba ya buƙatar littafi. Ya isa mutum ya san matakan sauyin haihuwa da mutuwa, ya san binciken lafiyar iyali na 2019 zuwa 2021 ya nuna matsakaicin haihuwa ya sauko zuwa 2.0 ga kowace mace, ya kuma iya faɗin abin da hakan ke nufi ga tsofaffi da ga jihohin kudu da suka riga na arewa saukowa. Kalma 150 ake nema, ba kundin digiri ba.

Wannan jeri na mai lokaci ne. Wanda ya farka bayan jarabawar tankaɗe, yana da wata uku zuwa huɗu kafin babbar, ga takardun bai-ɗaya huɗu da insha'i na jiransa, lissafinsa daban ne, kuma a nan hanya ta uku ta fi kowacce amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in tafiyar ta kama, sai ya ɗauki tambayoyin baya su yi masa jagora, ya matse masana cikin mako biyu, ya tabbatar kowane layi na manhaja yana da shafinsa ko da guntu ne. Wanda kuma ya taɓa zama jarabawar, takardar sakamakonsa ta fi kowane malami sanin inda zai fara. In makin takarda ta ɗaya ya yi kyau na biyu ya faɗi, ba ƙarin ra'i yake buƙata ba, misalai da alƙaluman Indiya ne suka yi masa ƙaranci, ko kuma bai iya ɗauko masanan ya tsallaka da su ba. In akasin haka ne, ya koma babi na huɗu.

Akwai abu guda da duk hanyoyin huɗu ke mantawa da shi in ba a yi hattara ba, shi ne agogo. Minti 180 a raba wa maki 250, tambaya mai maki goma na samun minti bakwai da 'yan daƙiƙu, mai maki ashirin minti goma sha huɗu, kuma amsoshi 19 ake rubutawa da hannu kafin a karɓe takarda. Don haka babi bai shiga sahun waɗanda aka gama ba sai an gwada shi a haka: a ɗauko tambaya ɗaya daga shekarun baya, a rufe littafi, a saita minti bakwai. In amsar ta fito da ma'ana, da sunan masani, da misali, da suka ko da layi ɗaya, a wuce gaba. In alƙalami ya tsaya a layi na huɗu, wannan babin ne zai hau saman jerin mako mai zuwa, ko da jadawalin makarantar lesin ya ce ba ya fitowa.